Gidan da Na Sauke Kawu

A Madarumfa, idan mutum ya gaji da manyan shafukan zumunta, ya kuma ji labarin wani dandalin hira da ba na mutum ɗaya ba, wajena ake turo shi. Ba wanda ya naɗa ni. Ni malamar faransanci ce a kolej, abin da ya ja mini wannan aiki kuwa shi ne na riga kowa shiga, sannan bakina ba ya iya shiru. Na yi ta yabon wurin a ɗakin malamai har mutane suka fara miƙo mini wayoyinsu don in bar su su sha shayinsu lafiya.

Dandalin ba gida ɗaya ba ne. Gidaje ne barkatai, kowanne wata na'ura ce da wani ya kunna a wani lungu na duniya, masu sani suna ce mata sabar. Kowane gida da mai shi da dokokinsa, amma yawancinsu suna magana da juna, wanda ya sauka a wannan yana iya hira da na wancan. Sai dai kafin ka ce uffan dole ka zaɓi inda za ka sauka. A nan za a san ka, a nan za a ajiye maganganunka da mutanen da ka tara. To a nan sabon shiga yake cijewa. Ya buɗe ya ga gidaje ba iyaka, ya rufe wayar, ya zo ya same ni.

Ba na tambayar mutum abin da yake so, don kowa ƙarya yake yi, kowa wai ilimi ya zo nema. Abin da yake ɓata masa rai nake tambaya. Wanda ba ya jure zagi ba na kai shi gidan da mai shi ke barci. Malamin lissafinmu ya rantse mini kimiyya yake so, na dube shi da kyau na sauke shi a gidan masu ƙwallo, har yau bai dawo da ƙara ba. Wata abokiyar aikina, ɗiyar wani fasto ce daga Maradi, ta ce ita dai inda ba a wa'azi kowane iri, don ta ƙoshi tun daga gida. Bayan haka sai in duba ko mai gidan yana amsawa idan an kira shi, ko sauran gidaje sun rufe masa ƙofa saboda halin mutanensa, da kuma ko shafin zai buɗe da irin rezonmu, wato layin wayarmu, wanda idan ka matsa wajen tabkin garinmu sai wayarka ta kama na Najeriya ta yi maka barka da zuwa.

Akwai abin da nake gaya wa kowa: kada ka sauka a gidan da mutum ɗaya ke riƙe da shi, don ranar da ya yi zazzaɓi duk kun yi. Sau ɗaya na saɓa wannan magana tawa, a kan kawuna, kuma har yau ban ga laifina ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Malamin gona ne da ya yi shekara da shekaru a kan babur tsakanin Safo da Sarkin Yamma, yana gaya wa manoma abin da suka riga suka sani, in ji shi da bakinsa. Da ya ajiye aiki sai ya kama garka a bakin tabki, albasa da kabeji da zogale. Mutum ne mai magana. Idan ya zauna a fadar dattawan unguwarsu ƙarƙashin bedi, wanda ya zo da labari sai ya koma da abinsa, don ba zai sami inda zai sa shi ba.

Kunnen ya tafi a hankali. Da farko ya ce mutanen yanzu ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Daga baya ya ce rediyonsa ya lalace, ya sayi wani, shi ma ya zo a lalace. An kai shi likita a Maradi aka ba shi abin sawa a kunne, ya sa na ɗan lokaci ya cire, ya ce ba abin da yake ji da shi sai iska da ƙarar taunarsa. Sai ya koma gyaɗa kai a fada, idan ya ga bakin mutum ya tsaya ya ce madalla. Wata rana wani abokinsa ya zo yana faɗin rasuwar ƙanensa, Kawu ya gyaɗa kai ya ce madalla, haka ake so. Ba wanda ya ga laifinsa, kowa ya ce ai ba ya ji ne. Wannan uzurin da aka yi masa shi ya fi yi masa ciwo. Bai sake zama a fadar ba.

Daga nan sai masallaci sai garka. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi boko ba, da hannu suke magana, kuma maganar hannu ba ta wuce ga tuwo, ga ruwa, an kira salla. Ta ce mini gidan ya zama kamar mai shi ya yi tafiya ya bar rigarsa tana yawo. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Mutanen da suka shekara suna shan shayinsa, a cikinsu har da tsofaffin malaman makaranta, ba wanda ya iya duƙawa ya rubuta masa kalma biyu a ƙasa. Ni idan na je sai in rubuta a wayata da manyan baƙaƙe in miƙa masa, ya karanta ya amsa da baki. A haka na lura cewa mutumin nan ba abin da ya same shi, hira ce kawai ta koma inda ba ya iya kaiwa.

Da na kawo masa maganar dandalin sai ya ce shi ba zai tsufa yana wasa da yara a waya ba. Na rubuta masa cewa akwai inda ake gardama a kan taki. Nan take ya ce a nuna masa.

Na daɗe ban sha wahalar zaɓi irin wannan ba. Manyan gidaje hayaniya ce da hotuna masu motsi, kuma tsoho irin Kawu zai yi sallama ba wanda zai amsa. A ƙarshe na sami wani ɗan ƙaramin gida na masu lambu, da faransanci ake magana, mutanensa suna rubutu mai tsawo ba gaggawa. Mai shi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a wata ƙasar Turai, na'urar tana ɗakin ajiyarsa kusa da buhunan dankali. Shi kaɗai ne, na gani sarai. Amma na ga duk wanda ya shigo shi da kansa yake tarbarsa, ya tambaye shi abin da yake shukawa. Abin da Kawu yake bukata ke nan, na rufe ido na sauke shi a can.

Kada wani ya ɗauka Kawu bai gane abin ba ne. Na yi masa bayanin na'urar, ya fahimta tsaf. Ya tambaye ni wa ke ba ta kuran, wato wutar lantarki, na ce mutumin. Wa ke tashi idan ta lalace, na ce shi. Me yake samu, na ce ba komai.

"To ai mai masauki ne," in ji Kawu. "Shi za a hwara gaidawa."

Haka aka yi, kuma haka aka ci gaba. Kullum da safe kafin ya tafi garka sai ya gaida mai gidan, ya tambayi kwanansa da iyalinsa da gajiya da sanyi, sannan ya bi sauran mutanen gidan. Da faransancinsa irin na mutanen zamanin baya yake yi, mai riga da hula, irin wanda ko ni da nake koyarwa sai na gyara zama. Da farko mutanen sun tsorata. Wata mata ta rubuto tana tambaya me ya sa yake tambayar 'ya'yanta, ko ya ji wani abu ne. Kafin damina ta zagayo sun koya. Na ga da idona wani Bature yana tambayar wani Bature ina gajiya, ɗayan yana cewa babu.

Ya yi gardama da waccan matar a kan takin kaji har suka zama aminai. Ya sami wani a wani gidan daban suka yi ta ja-in-ja a kan yadda ake ajiye albasa. Ya gano wasu masu rubutu da Hausa daga wajen Katsina da Damagaram, ya bi su, suka bi shi. Yana ɗaukar hoton tsutsar da ta ci masa kabeji, rabin hoton babban yatsansa ne, a taru a kai ana shawara. Ya koma cin abinci sosai, ya koma faɗa. Inna ta kawo mini ƙararsa cewa fitinarsa ta dawo, tana faɗa tana murmushi.

Damina biyu aka yi a haka. Sai wata rana mai gidan ya kafa sanarwa: lafiyarsa ta ja baya, ba zai iya ci gaba da kula da na'urar ba, zai rufe gidan a ƙarshen sanyi. Ya roƙi kowa ya nemi wani wuri tun da sauran lokaci. A wannan dandali, idan ka tashi tun tsohon gidanka yana raye, mutanen da ka tara suna bin ka zuwa sabon. Idan kuwa aka kashe na'urar kana ciki, shi ke nan, kai da su sai dai wani ikon Allah, sai ka sake farawa kamar yau ka zo duniya. Mutanen gidan suka yi godiya, suka yi addu'a irin tasu, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa na zage na yi aikina. Na samo wa Kawu wani gida na manoma da masu lambu, wanda wasu matasa ke riƙe da shi tare, idan ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye. Yawancin abokansa ma can suka koma. Na je da murnata na rubuta masa komai na miƙa. Ya karanta farkon, ya mayar mini da wayar.

"Wanga mutum ya sauke ni lokacin da ba mai ce mini ci kanka. Yanzu shina ciwo, sai in naɗe tabarmata a gabanshi in tahi?"

Na rubuta cewa ai shi da kansa ya ce a tashi.

"Jama'a ya hwaɗa wa. Ni bai kira sunana ba. Sanarwa ya yi, bai sallame ni ba."

Na san abin da yake nufi, don a cikin wannan al'ada na tashi. A wajenmu baƙo ba ya sauya masauki da kansa. Masuntan da ke zuwa tabki daga nesa idan ruwa ya ja, kowanne yana da gidan da yake sauka, wasunsu a zauren Kawu suke kwana tun ina yarinya. Idan mai masauki ya kasa, shi zai kama hannun baƙonsa ya kai shi wani gida ya ce ga baƙona, ya taka masa. Baƙon da aka gani ya ɗauki kayansa shi kaɗai ya sauya gida, sai gari ya tambaya me ya yi, ko me aka yi masa, kuma duk amsar da aka bayar wani ya ji kunya. Na sani. Abin da ban taɓa zato ba shi ne za a ɗora wannan a kan wata na'ura da ke kusa da dankali.

Na rubuta masa cewa to ya nemi sallamar mana. Ya dube ni kamar ba jininsa ba. Ya ce baƙo ya je wa mara lafiya da neman sallama, ai kamar ya ce masa ya gaji da shi ne. Waɗanda suka tashi kuwa bai ga laifinsu ba, ba a koya musu ba ne. Na rubuta masa abin da zai faru idan aka rufe yana ciki, na ƙara girman baƙaƙen don haushi.

"In an ruhe ina ciki, shi ke nan," ya ce. "Ba ni sake zuwa wani wuri in hwara hwaɗin ko ni wane ne. Na yi wannan sau guda, ya isa."

Na san Kawu. Mutumin da ya bar fadar da ya yi rabin rayuwarsa a ciki saboda kalma ɗaya, ba wasa yake ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga gidansu shi da Inna lokacin da ya yi shiru, ba na son in sake gani. Ni na buɗe masa shafin, na san kalmar shigarsa, ina iya tayar da shi ba tare da ya sani ba. Na gaya wa Inna haka a madafa. Ta ce in na yi, ranar da ya gane zai jefa wayar a tabki, kuma ni zan bi ta.

Ƙarshen sanyi ya zo, ba a rufe gidan ba. Mai gidan ya ce ya ɗan ƙara lokaci. Zafi ya shigo, ya sake ƙarawa. A lokacin ba kowa a gidan sai su biyu. Kullum da safe Kawu ya gaishe shi, shi kuma ya amsa. Lokaci zuwa lokaci sai ya turo wa Kawu bayanin yadda ake tashi, dalla-dalla, har da hotuna masu kibiya. Kawu ya yi masa godiya a kan wahalar da ya sha, ya yaba kyan bayanin, ya tambayi jikinsa.

Da na ga abin ba zai ƙare ba sai na rubuta wa mai gidan a keɓe. Ban yi ladabi sosai ba. Na ce masa ni ce na kawo tsohon, ina so in sani, zai rufe ne ko ba zai rufe ba, don mu san inda muka dosa.

Ɗiyarsa ce ta amsa, yana faɗa tana rubutawa, ta kuma ƙara nata. Ta ce hannuwan mahaifinta rawa suke, abin kullum gaba yake yi. Na'urar ma ta fara ba da wahala, ita ba ta san kanta ba, ranar da ta tsaya ba mai tayar da ita. Shi kuwa ya ce ba zai iya kashe ta ba alhali akwai mutum a ciki, mutumin da kullum yake tambayar kwanansa. A zatonsa tsohon bai gane yadda ake tashi ba ne, kuma yana jin nauyin ya matsa masa. Ya tambaye ni ko bayanin ne bai fito da kyau ba, ya sake wani.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin malamai har aka waiwayo, daga baya kuma na ji hawaye. Tsofaffi biyu, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya iya riƙe cokali, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa don kunya, kuma a kowane lokaci na'urar tana iya yanke musu hukunci.

Na zauna na rubuta masa yadda abin yake a wajenmu. Na ce bayaninsa ba shi da aibu, Kawu ya gane shi tun na farko. Abin da yake jira shi ne a kira sunansa a sallame shi, a gaya masa gidan da zai je, a kuma taka masa. Amsa ta zo washegari. Ya ce ai da ya sani da tuni ya yi, amma shi ya daɗe bai leƙa wasu gidaje ba, wanne nake ganin ya dace? Na ba shi sunan gidan da na zaɓa tun farko.

Ya rubuta a fili, a tsakar gidan da ba kowa. Ya kira Kawu da sunansa, ya gode masa da zaman da suka yi, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ya sallame shi da zuciya ɗaya. Ya faɗi gidan da ya zaɓa masa, ya ce mutanen kirki ne, kuma shi da kansa zai raka shi. Kawu ya aika aka kira ni daga makaranta. Na same shi a zaure da wayar a hannu.

"Kin gani? Mutum ya san abin da ya kamata, ba sai an hwaɗa mishi ba. Kuma dubi gidan da ya zaɓa mini. Wannan shi ne gida, ba irin naki ba."

Na duba na rubuta masa cewa lalle mai gidan ya iya zaɓe. Ban taɓa haɗiye magana mai girman wannan ba, har yau tana nan a maƙogwarona.

Ranar tashi Kawu ya yi wanka ya sa babbar riga da hula, ya zauna a zaure kamar mai jiran mota. Kafin in taɓa komai sai da ya rubuta saƙonsa na ƙarshe a tsohon gidan, ya nemi mai gidan ya yafe masa duk abin da ya yi masa a zaman nan, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Mai gidan ya amsa cewa bai san wani laifi ba, amma ya yafe, shi ma a yafe masa. Na lura ɗiyar ta fara gane kan abin. Sannan na yi abin da ake yi, wanda bai fi a dafa shayi ɗaukar lokaci ba, ko da yake rezo ya ɗauke a tsakiya sai da muka fita bakin hanya, shi da babbar rigarsa, ni ina ɗaga waya sama. Mutanensa suka fara bayyana a sabon gidan kaɗan-kaɗan. Yana tsaye yana kiran sunayensu, matar takin kaji, mutumin albasa, na Katsina, na Damagaram.

Mai gidan ya cika alkawari. Ya buɗe shafi a sabon gidan, ya rubuta wa masu shi cewa ga baƙonsa ya kawo, dattijo ne masanin albasa, yana da doguwar gaisuwa, a riƙa amsa masa. Matasan suka yi maraba da shi yadda ya kamata. Ba a jima ba aka kashe tsohuwar na'urar. Idan ka nemi gidan yanzu farin shafi kawai za ka gani.

Na ɗauka an gama, na koma sauke wasu. Amma Kawu bai daina gaida mutumin ba. Kullum da safe, a sabon gidan, shi yake fara kira da suna, kwana da iyali da jiki da sanyi, sannan sauran. Shi kuma kullum sai ya amsa. Amsar tana ta gajarta, baƙaƙen suna ta rikicewa, amma ba ta fasa zuwa. A duk mutanen da Kawu ya tara, wannan amsar yake fara nema, idan ta yi jinkiri ba ya tafiya garka.

Sai ɗiyar ta sake rubuto mini. Ta ce ba wani abu take roƙo ba, tana so ne dai wani ya sani. Mahaifinta ya hana ta rubuta masa wannan amsar, ya ce gaisuwa ce, da hannunsa zai mayar. Layi ɗaya yana cinye masa safiya, yana gogewa yana sakewa, wani lokaci har ya yi kuka don takaici, sannan ya wuni a gajiye.

Na yi kwanaki da maganar a cikina. Idan na faɗa, na raba Kawu da abin da ya fi so a ranarsa. Idan na yi shiru, wancan tsohon yana can yana fama. Ba ni da dabara a irin wannan, ban iya zagaye-zagaye ba. Na je na rubuta masa yadda aka gaya mini, ban rage ba ban ƙara ba, na miƙa masa wayar. Ya karanta a hankali har ƙarshe. Ya tashi ya tafi ban ruwa.

Bayan la'asar ya aiko in zo in duba masa faransancinsa, abin da bai taɓa nema ba. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, so yake dai wani ya gani. Ga abin da ya rubuta: "Mai gidana, rakiya ta isa haka. Na ga hanya, na ga mutanen gidan, sun karɓe ni hannu biyu. Ka koma ka huta. Kada ka amsa wannan."

Ya tura da kansa. Washegari ya duba, ba amsa. Ya sake dubawa da rana, babu. Ya ce mini mutumin kirki ne, yana jin magana, ya sa wayar a aljihu.

Kawu yana nan a sabon gidan. Yana gaida jama'a a dunƙule, yana gardamar albasa, har matasan sun ba shi aikin tarbar sababbin shiga, wanda yake yi da tsawo. Tsohon mai gidan kuwa ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ban tambayi ɗiyar ba, ita ma ba ta rubuto ba.

A hutun makaranta na kwana gidansu, na tashi da safe ina taya Inna hura wuta. Kawu ya gama gaishe-gaishensa a waya, ya fito tsakar gida zai tafi garka. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya juya mana baya, ya fara magana da faransanci. A zatonsa a hankali yake yi, amma wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba, har maƙwabta suna iya ji. Mai gidansa yake gaidawa. Ya tambayi kwanansa, ya dakata. Ya tambayi hannuwan, ya dakata. Ya tambayi ɗiyar, da sanyin ƙasarsu.

Na dubi Inna. Ta ce kullum haka yake yi, kuma kada in kuskura in gaya masa ana ji. Ba ta san faransanci ba, amma ta san inda ake dakatawa. Duk inda ya tsaya, sai ta ce lahiya lau, ba tare da ta ɗago daga murhu ba. Da ya gama ya ɗauki bokitinsa ya nufi tabki.